Anelka: Ƙungiyoyi 12, Kuma Babu Wadda Ke Cewa Nata Ne

A watan Fabrairun 1997 Arsenal ta miƙa wa Paris Saint-Germain fam 500,000, ta ɗauko wani yaro ɗan shekara 17 da ko gemu bai fara ba. Bayan shekara biyu da rabi ta sayar da shi ga Real Madrid a kan fam miliyan 22 da 'yan kai. Da kuɗin nan aka sayo Thierry Henry daga Juventus, aka kuma gina filin atisayen London Colney da ƙungiyar ke amfani da shi har yau. Amma je ka tambayi tsofaffin magoya bayan Arsenal, irina, ko wane ne Nicolas Anelka. Kafin wani ya tuna maka kofuna biyun 1998, Firimiya da FA, sai an fara ce maka butulu ne, mai ɗaure fuska, wanda ba ya iya zama wuri ɗaya.

Wannan hukuncin bai taɓa kwanta mini ba. Gaskiya ne Anelka ya buga wa ƙungiyoyi 12 a ƙasashe bakwai, shida daga ciki a gasar Firimiya kaɗai. Mutane sukan tattara tafiye-tafiyen nan wuri guda su ce hali ne, zanen dutse. To amma idan ka bi su ɗaya bayan ɗaya, za ka tarar sau ɗaya tak ya tashi da ƙafarsa daga wurin da ya kamata ya zauna, wato a 1999. Abin da ya biyo baya, wani biyan bashin wannan tashin ne, wani kora ce, wani kuwa ciniki ne da ƙungiya ta ga riba ta buɗe masa ƙofa da kanta.

An haife shi a watan Maris na 1979, ya tashi a Trappes, wata unguwar talakawa a bayan birnin Faris, iyayensa kuwa daga tsibirin Martinik suka zo. Ya bi ta makarantar ƙwallo ta Clairefontaine, ya fara buga wa manyan PSG yana ɗan shekara 16. Kocin Arsenal Arsène Wenger bai daɗe da zuwa Landan ba ya ɗauko shi. Da farko benci yake ɗumamawa, domin Ian Wright da Dennis Bergkamp ne a gaba. Rauni ne ya kwantar da Wright a kakar 1997/98, yaron ya samu wuri, bai kuma sake shi ba.

Wanda bai kalli Anelka na wancan lokacin ba zai yi wuya ya gane abin da nake nufi. Gudu ne da shi wanda ba ya nuna yana gudu. Za ka ga kamar tafiya yake yi a tsanake, sai ka duba ka ga mai tsaron baya ya bar bin sa, yana ɗaga hannu yana roƙon alƙalin gefe ya ce satar gida ce. Ƙwallonsa ta farko a Arsenal a ragar Manchester United ya zura ta, a Nuwamban 1997, aka tashi 3-2. A watan Maris da ya biyo baya, a Old Trafford, shi ya goga wa Marc Overmars ƙwallon da ka, wadda ta juya akalar gasar baki ɗaya. A wasan ƙarshe na kofin FA shi ya ci Newcastle ta biyu. A kakar da ta biyo ya ci 17 a Firimiya, 'yan wasa 'yan'uwansa suka zaɓe shi matashin da ya fi kowa a Ingila. A tsakiyar wannan kakar ne ma, Fabrairun 1999, ya je Wembley da rigar Faransa ya ci Ingila biyu shi kaɗai.

Sai ya ce zai tafi. Yana da shekara 20.

Nan ne kawai nake tsaye tare da masu zarginsa. Jaridun Ingila sun matsa masa, sun laƙaba masa sunan mai kumbure-kumbure saboda ba ya dariya idan ya ci ƙwallo, ba ya kuma son hira da su. Yayyensa biyu, Claude da Didier, su ne wakilansa, aka yi ta cewa su ke zuga shi don su samu la'adarsu. Ko ma wane ne ya hura wutar, shawarar ba ta yi kyau ba. Yana da kocin da ya gina wasan ƙungiya a kan gudunsa, yana da Bergkamp da Vieira da Petit a bayansa suna zubo masa ƙwallo. Duk abin da Henry ya zama a shekaru takwas da suka biyo baya, har aka kafa masa mutum-mutumi a bakin filin Emirates, a kan kujerar da Anelka ya tashi ya bari ne. Ban ce lallai da ya kai Henry ba. Na ce dai shi aka fara shimfiɗa wa tabarmar.

A Madrid ya tarar da Raúl da Morientes, 'yan gida, waɗanda babu mai niyyar matsawa saboda baƙo. Watanni suka shuɗe bai ci ko ɗaya ba. Sai a Janairun 2000, a gasar ƙungiyoyin duniya da aka yi a Birazil, ya buɗe bakin raga. A La Liga gaba ɗaya ƙwallo biyu ya ci, ko da yake ɗaya a ragar Barcelona ce. A watan Maris ya yi saɓani da koci Vicente del Bosque, ya ƙi fita atisaye, aka dakatar da shi kwana 45. Wannan kowa ya riƙe shi. Abin da ake mantawa shi ne abin da ya faru da ya dawo. Bayern Munich ta riga ta lallasa Madrid sau biyu a zagayen rukuni na wannan kakar, 4-2 da 4-1. Da suka sake haɗuwa a wasan kusa da na ƙarshe, Anelka ya ci a Bernabéu, ya kuma je Munich ya ci da ka. Waɗannan biyun ne suka kai Madrid wasan ƙarshe, inda ta doke Valencia 3-0 a Stade de France, tafiyar da ba ta da nisa daga unguwar da ya tashi. Bayan 'yan makonni ya ɗaga kofin nahiyar Turai da Faransa. Wato yana da shekara 21, ya riga ya ci Firimiya, kofin FA, gasar Zakarun Turai da kofin Turai na ƙasashe. Kakar da ake kira ta asara ke nan.

Duk da haka Madrid ba ta riƙe shi ba. Florentino Pérez ya hau shugabanci a bazarar 2000 da alƙawarin kawo Figo, aka mayar da Anelka PSG a kan kusan kuɗin da aka sayo shi. Komawar gida ba ta yi albarka ba. Suka kasa jituwa da koci Luis Fernández, a Disamban 2001 aka ba Liverpool aronsa.

A nan nake so masu cewa "ba ya son zama" su tsaya su duba da kyau, domin a Liverpool ya so ya zauna. Ya zo ne bayan an sayar da Robbie Fowler ga Leeds, lokacin da koci Gérard Houllier ke jinyar tiyatar zuciya. Ba a ji kansa da kowa ba, ya yi wasa tare da Owen da Heskey, ƙungiyar ta ƙare ta biyu a teburi. Ya fito fili ya ce yana son a saye shi. Houllier ya ce a'a, ya zuba kusan fam miliyan 10 a kan El Hadji Diouf na Senegal. Diouf ya yi kyau a gasar cin kofin duniya ta 2002, ba musu, amma a kakarsa ta biyu a Liverpool, da lamba 9 a bayansa, bai ci ƙwallo ko ɗaya ba. Da Anelka ne ya juya wa Liverpool baya, da har yau ana ba da labari. Da yake ita ce ta juya masa, sai aka rubuta shi cikin jerin wuraren da "bai zauna ba". Laifi tudu ne.

Daga nan aka shiga shekarun da na fi jin takaicinsu, kuma su ne na fi so in yi magana a kai. Daga 2002 zuwa farkon 2008, wato tun yana 23 har ya kusa 29, shekarun da ɗan wasan gaba ke kan ganiyarsa, Anelka ya yi su ne a Manchester City da Fenerbahçe da Bolton. Yaran yanzu su sani, City ta 2002 ba ta yau ba ce. Ƙungiya ce da ta hauro daga rukuni na biyu a wannan shekarar, kuɗin Abu Dhabi kuwa sai 2008 suka zo. Kevin Keegan ya biya fam miliyan 13, mafi tsada a tarihin ƙungiyar a lokacin, Anelka kuma ya biya su da ƙwallaye: shi ya fi kowa ci a kakanni biyun da ya kammala a can, yana cikin waɗanda suka ci United a wasan hamayya na ƙarshe da aka buga a tsohon filin Maine Road, 3-1. A Janairun 2005 ya wuce Fenerbahçe ta Istanbul a kan fam miliyan 7, bayan 'yan watanni ya ɗauki kofin gasar Turkiyya. A Agustan 2006 kocin Bolton Sam Allardyce ya dawo da shi Ingila a kan miliyan 8.

Ka tsaya ka yi tunani. Mutumin da ya kai Real Madrid wasan ƙarshe na Zakarun Turai, ga shi a Bolton, ƙungiyar da aka sani da doguwar ƙwallo da jifa daga gefe da dambe a sama. Kuma wa ya tarar a ɗakin sauya kaya? El Hadji Diouf, wanda aka fifita a kansa shekara huɗu baya. Ita ƙwallo haka take da iya shege.

Manyan ƙungiyoyi sun san abin da ƙafarsa ke iyawa. Tsoron sunansa suke yi. Da zarar an ce wane yana da matsala, ko ya shekara uku bai ɗaga wa kowa murya ba, mai saye sai ya fara tambayar halinsa kafin ƙwallayensa. Hatta tawagar ƙasarsa haka: koci Aimé Jacquet ya cire shi daga jerin gasar cin kofin duniya ta 1998 yana yaro, ba a je da shi 2002 ba, ba a je da shi 2006 ba. A tsakani shi ma ya ƙara wa wutar fetur, da ya ƙi amsa kiran koci Jacques Santini a ƙarshen 2002. Ba na wanke shi a wannan.

Amma a waɗannan shekarun ne ya zama cikakken ɗan wasa, kuma wannan ba a cika faɗa ba. A Arsenal aikinsa ɗaya ne: ya tsaya a kafaɗar mai tsaron baya, a jefa masa, ya ruga. A City da Bolton babu Bergkamp da zai jefa masa. Dole ya koyi saukowa tsakiya ya karɓi ƙwallo da kansa, ya juya da mutum a bayansa, ya riƙe ta har abokai su hauro, ya buga daga nesa. Ƙwallon da ya ci Arsenal a Nuwamban 2006 ta ishe ka shaida: ya karɓa daga gefen hagu, ya shigo ciki, ya sheƙa ta daga nesa ta wuce Jens Lehmann. Ya ƙara ta biyu a ranar, Bolton ta ci 3-1. Na ji zafinta, amma ban iya cewa ba ta yi kyau ba. Anelkan 1998 ba zai ci irin wannan ba. Bolton ta ƙare ta bakwai a wannan kakar, ta samu gurbin gasar Turai.

A shekarun nan ne kuma aka fi jin labarin musuluntarsa, da sunan da ya ɗauka, Abdul-Salam Bilal. Bai mayar da abin talla ba, kamar yadda bai mayar da komai nasa talla ba. Wani lokaci nakan kwatanta shi da Zlatan Ibrahimović, wanda ya zaga ƙungiyoyi tara, ya yi faɗa da Guardiola a bainar jama'a, bai kuma taɓa ɗaga kofin Zakarun Turai ba. Shi ana kiransa gwarzo mai cin ƙasashe. Bambancin da nake gani, Zlatan yana da baki, yana ba 'yan jarida abin bugawa kullum, shi ke ba da labarin kansa. Anelka ya yi shiru, wasu suka ba da nasa.

Chelsea ce ta dawo da shi sahun manya a Janairun 2008, a kan fam miliyan 15, lokacin da Drogba da Kalou suka tafi gasar cin kofin Afirka a Ghana. Bayan wata huɗu sai ga daren Mosko, wasan ƙarshe na Zakarun Turai. An tashi 1-1 da Manchester United, Avram Grant ya sako shi a ƙarin lokaci, aka je bugun fenariti. John Terry ne ke da damar gama komai, santsi ya kwashe shi. Anelka ne na bakwai. Duk 'yan Chelsea shida da suka gabace shi hagun Edwin van der Sar suka nufa. Golan ya nuna masa hagun da yatsa, kamar yana cewa na san inda za ka, shi kuwa ya buga dama, van der Sar ya bi ta ya ture. Terry ya yi kuka, duniya ta tausaya masa, domin ɗan gida ne, kyaftin ne. Anelka ya juya da fuskar nan tasa da ba ta nuna komai, aka ce bai damu ba. Daga baya ma ya ce an nemi ya buga cikin biyar na farko ya ƙi, don bai ji jikinsa ya shirya ba, maganar da ta ƙara ja masa. Mutumin nan bai iya lallashin jama'a ba ko kaɗan.

Abin da ya iya shi ne amsawa a fili. Kakar da ta biyo ya ci 19 a Firimiya, ya ɗauki takalmin zinare, ya bar Cristiano Ronaldo da 18. A 2009/10, ƙarƙashin Carlo Ancelotti, ya yarda ya bar wa Drogba tsakiya, ya koma gefe da bayan ɗan gaba, aikin da ya koyo a shekarun Bolton. Chelsea ta ci ƙwallo 103 a gasar, ta haɗa Firimiya da kofin FA, shi kuma ya ci biyu a ranar ƙarshe da aka yi wa Wigan 8-0. Kofi biyu a kaka ɗaya, sau biyu, da ƙungiyoyin Landan biyu da ba sa ga-maciji, shekara 12 a tsakani. Shekara huɗu ya yi a Chelsea, mafi tsawon zamansa a ko'ina. Mutumin da aka ce ba ya zama, da ya samu inda ake cin kofi kuma ake mutunta shi, ya zauna har sai da koci André Villas-Boas ya raba shi da manyan 'yan wasa a ƙarshen 2011. Ya tafi a Janairu, a watan Mayu Chelsea ta ɗauki kofin Zakarun Turai a Munich ba shi.

Ba zan tsallake gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu ba, don ita ce tabon da ya fi girma. Shi ya ci ƙwallo ɗaya tilo a Dublin a wasan farko na neman gurbi da Ailan, a Nuwamban 2009, aka kai shi gasar cin kofin duniya karon farko yana da shekara 31. A hutun rabin lokaci na wasan Meksiko suka yi cacar baki da koci Raymond Domenech. Jaridar L'Équipe ta buga zagi mai muni a shafin farko ta ce shi ya faɗa. Ya musanta cewa waɗannan ne kalamansa, ya kai ƙara kotu, bai yi nasara ba. Aka kore shi daga sansani, abokan wasansa suka ƙi saukowa daga bas su yi atisaye a Knysna, inda sansanin yake, don nuna goyon baya, Faransa ta dawo gida da maki ɗaya. Hukumar ƙwallon ƙasar ta dakatar da shi wasa 18, kyaftin Patrice Evra kuwa biyar. A nan aka rufe littafinsa da Faransa: wasa 69, ƙwallo 14. Ra'ayina, ɗan wasa ba shi da hurumin gaya wa kocinsa baƙar magana, amma tawagar nan ta riga ta ruɓe tun kafin ya buɗe baki, kuma abin da ake faɗa a ɗakin sauya kaya wani ne ya kwashe shi ya kai waje. Abin lura, 'yan wasan da suka zauna da shi a ɗaki ɗaya, bayansa suka bi.

Ragowar tafiyar ba ta da wani armashi. Shanghai Shenhua a 2012, albashi mai tsoka, har ya riƙe aikin koci na ɗan lokaci bayan an sallami Jean Tigana. Juventus a farkon 2013, inda wasannin da ya buga ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, amma sunansa na cikin waɗanda suka ci gasar Italiya. Sai West Brom, inda a Disamban 2013 ya ci West Ham ya yi murna da wata alamar hannu da ake dangantawa da ƙin jinin Yahudawa a Faransa. Ya ce gaisuwa ce ga wani abokinsa mai wasan barkwanci. Hukumar FA ta dakatar da shi wasa biyar, ta ci shi tarar fam 80,000, a watan Maris suka rabu da ƙungiyar baram-baram. Wannan shi ya jawo wa kansa, yana da shekara 34, ya san yadda za a karanta abin. Da haka ya bar Firimiya, yana da ƙwallo 125.

Idan ka haɗa kuɗin da aka biya a kansa daga Arsenal zuwa Chelsea, za ka samu kusan fam miliyan 90, a zamanin da miliyan 20 ke girgiza kasuwa. Arsenal ta ninka kuɗinta fiye da sau 40. Madrid ta samu kofinta na takwas na Zakarun Turai ta kuma mayar da kusan abin da ta kashe. Bolton ta saya 8 ta sayar 15 cikin shekara ɗaya da rabi. PSG da City ne suka sayar ƙasa da yadda suka saya, ita City ma bayan ya riƙe mata gaba kaka biyu da rabi.

A Indiya ya ajiye takalmi. Ya je Mumbai City a 2014, shekarar da aka fara sabuwar gasar ƙasar, ya koma a 2015 a matsayin ɗan wasa kuma koci. Ƙungiyar ba ta kai zagayen 'yan huɗu ba, shi ma bai sake buga wa kowa ba.